Hotuna Biyu a Allo Ɗaya: Yadda Aka Ƙidaya Kangayen Kilomita Biyar

Unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen Bangui ke kira PK5 saboda tazararta daga tsakiyar gari, ita ce cibiyar kasuwancin babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma a nan ne Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi suka daɗe da kafa shaguna da gidaje da masallatai. A watan Maris na 2013 'yan tawayen Seleka suka kifar da gwamnatin François Bozizé, ranar 5 ga Disamba mayaƙan anti-balaka masu adawa da su suka auka wa birnin, da shugaban Seleka Michel Djotodia ya sauka daga mulki a Janairun 2014 kuwa sai aka shiga farautar Musulmi unguwa-unguwa, har PK5 ta zama kusan mafakarsu ta ƙarshe. Shiga wuraren da aka yi ɓarna ya zama kasada, don haka wani ɓangare na ƙidayar asarar ya koma hannun masana da ke zaune gaban kwamfuta, suna jera hotunan tauraron ɗan'adam kusa da juna.

Dalilin jera hotunan yana da alaƙa da raunin idon ɗan'adam. Idan mutum ya kalli hoto ya rufe shi, sannan ya buɗe wani mai kama da shi, ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe ƙananan bayanai, sai babban canji ma ya wuce shi bai lura ba. Saboda haka ake raba allon kwamfuta gida biyu, hoton da aka ɗauka kafin rikici a hagu, na bayansa a dama, sannan a ɗaure su da juna a cikin manhaja ta yadda duk inda aka ja ɗaya ko aka ƙara girmansa, ɗayan ma zai bi. Akwai kuma dabarar ɗora hoto a kan hoto da wani layi da ake ja, yana yaye na sama kamar labule, da dabarar sauya su da sauri a wuri guda har abin da ya canza ya riƙa ƙyaftawa. Wannan ta ƙarshen ta girmi kwamfuta, domin da ita Clyde Tombaugh ya gano duniyar Pluto a 1930, yana gwama hotunan sararin sama na dare daban-daban.

Aikin da ya fi wahala shi ne wanda mai kallo ba ya gani, wato daidaita hotunan. Tauraron ba ya bi ta kan Bangui daga kusurwa ɗaya kullum, kuma inuwar gini tana sauyawa da lokaci, don haka dole a nemi alamomin da ba sa motsi, irin su mahaɗar tituna da titin saukar jirage na filin M'Poko, a sa kowace ta faɗa kan 'yar'uwarta. Kuskuren 'yan mitoci a unguwa mai cunkoso irin PK5 ya isa a ɗora gidan wani a kan filin maƙwabcinsa. Sai kuma batun kaifin hoto, wanda ake aunawa da faɗin ƙasar da kowane ɗigo guda ya ƙunsa. A hotunan Landsat na Amurka ɗigo ɗaya mita 30 ne, ya haɗiye gidaje da dama, amma taurarin kasuwanci irin su WorldView da Pléiades suna kaiwa kimanin rabin mita, inda ake iya bambance rufi da rufi. Gajimaren damina yana rufe birnin watanni da yawa, sai dai mafi munin ɓarnar ta faɗo ne a cikin rani, lokacin da sama ta fi washewa.

Abin da hotunan suka nuna a Bangui yana da siffa ta musamman. Kwanon rufi yana ƙyalli idan aka hango shi daga sama, gidan da aka kwashe kwanonsa kuwa sai ya bayyana a matsayin bangaye tsirara, ana ganin ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya. A watan Mayun 2014 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta bayyana cewa ta wannan hanya ta gano kangayen gidaje da shaguna da masallatai fiye da 4,000, kuma PK5 da PK12 da Kokoro da Miskine suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. Sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin irin waɗannan hotuna, UNOSAT, shi ma ya fitar da taswirorin ɓarnar birnin. Masu karatu a Najeriya sun san makamancin wannan, domin a Janairun 2015 Amnesty International ta gwama hotunan Baga da Doron Baga na ranakun 2 da 7 ga watan, ta ƙirga gine-gine sama da 3,700 da aka lalata ko aka rusa.

Ƙarfin wannan hujja shi ne kowa na iya sake dubawa, tun da manhajar Google Earth tana ajiye tsofaffin hotuna da kwanan watansu, QGIS kuma kyauta ce ga mai son yin aikin da tsari. Amma wannan sauƙin ne ke jawo gaggawar yanke hukunci. Hotuna biyu suna faɗin cewa wani abu ya faru tsakanin rana kaza da rana kaza, ba sa faɗin wanda ya aikata, ba sa ƙirga gawa, ba sa kuma nuna addinin mai gida. Rufin da ya ɓace yana iya zama aikin ɓarayi, yana iya zama mai gidan ne ya cire abinsa kafin ya gudu. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai ba sa wallafa adadi sai sun haɗa shi da bayanin shaidu da ziyarar wurin, wanda ya tsaya ga allo kaɗai kuwa rabin labari ya samu.

Akwai ma asarar da ba ta fitowa ko kaɗan. Bayan ziyarar Paparoma Francis zuwa babban masallacin PK5 ranar 30 ga Nuwamban 2015 da zaɓen da ya biyo baya, wasu 'yan gudun hijira sun fara komowa daga Chadi da Kamaru, kuma da yawansu sun tarar wasu sun tare a gidajensu ko sun yi sabon gini a filayensu. Gidan da aka mamaye rufinsa yana nan daram a hoton hagu da na dama, sabon ginin kuwa mai nazari na iya ɗaukarsa alamar farfaɗowa, alhali mai filin na asali yana can yana neman takarda ko shaidar mai unguwa da zai kafa hujja da ita.