Daraja da Gayyata a Ƙungiyar Firimason: Nazarin Matakan Ɗaukaka

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na Turai da Amurka suke rarraba daraja a tsakanin 'ya'yansu. Mun zaɓi ƙungiyar Firimason domin ta fi sauran daɗewa da shahara, kuma da yawa daga cikinsu tsarinta suka kwaikwaya. Abin da za mu nuna shi ne, akwai hanya biyu ta samun matsayi a cikinta: wadda mutum yake nema da bakinsa, da kuma wadda neman ta ke jawo rasa ta.

Ƙofar Shiga da Darajoji Uku

An kafa Babban Zaure na farko a birnin Landan a shekarar 1717, lokacin da ƙananan zauruka huɗu suka haɗu. Bisa tsohuwar al'adarsu, ba a jawo kowa. Wanda yake so shi zai gabatar da kansa. Daga nan sai a jefa masa ƙuri'a a asirce da ƙwallaye, fari na amincewa, baƙi na ƙi. A Ingila baƙaƙe uku sun isa su rufe masa ƙofa, a jihohi da dama na Amurka kuwa ɗaya tak ya wadatar.

Wanda aka karɓa yakan hau darajoji uku da aka aro daga sana'ar magina, watau ɗan koyo, da abokin sana'a, da gwani. Yayin da manyan zauruka biyu masu gāba da juna suka haɗe a Ingila a 1813, yarjejeniyarsu ta tabbatar cewa waɗannan ukun su ne asalin tsarin. Saboda haka duk wata daraja da ta biyo baya ƙari ce daga gefe, ba ta ba mai ita iko a kan zauren da ya fito.

Darajojin Ƙari

Mafi shahara cikin darajojin ƙari su ne na Tsarin Sikotland. Sunan yana iya ruɗarwa, don kuwa a Faransa tsarin ya bunƙasa cikin ƙarni na 18, kuma a garin Calston na Karolina ta Kudu aka kafa majalisar ƙolinsa ta farko a 1801, da darajoji 33. A 1813 aka sami majalisa ta biyu mai kula da arewacin Amurka.

Daga daraja ta 4 zuwa ta 32, gwani yana iya nema, ya biya kuɗin da aka yanka, a ba shi. A Amurka akan gabatar da su ne kamar wasan kwaikwayo, masu nema suna zaune suna kallo, har ma akan kammala cikin kwana ɗaya ko biyu. Ke nan girman lamba bai nuna daɗewa ko zurfin sani ba.

Inda Nema Yake Hana Samu

Daga ta 32 ne al'amari ya juya. A yankin kudu, wanda ke da mazauni a Washinton, an ƙirƙiro wata lambar girma a 1870, zamanin shugabancin Albert Pike, wadda mai ita ke sa jar hula. Ba a ba da ita sai mutum ya yi aƙalla wata 46 a daraja ta 32. Sai kuma ya ƙara wasu wata 46, ya kai shekara 35 da haihuwa, kafin a duba shi don daraja ta 33, mai farar hula. Cikar wa'adi ba ta wajabta komai ba. Manya su ke kawo suna, majalisar ƙoli ta zaɓa a taronta na bayan shekara bibbiyu, kuma doka ta ce wanda ya roƙa a hana shi. Daga cikin waɗanda aka ba har da shugaban Amurka Harry Truman, a 1945.

Bugu da ƙari, ita kanta ta 33 kashi biyu ce. Mafi yawan masu ita ta girmamawa suke riƙe da ita. Masu ƙuri'a a majalisar ƙolin kudu ba sa wuce mutum 33, kuma su ne ke zaɓen waɗanda za su cike gurbi a cikinsu.

Amfani da Aibi

A fahimtarmu wannan tsari yana yi wa ƙungiya aiki biyu. Na farko, yana sa mutum ya dage da hidima shekara da shekaru, tunda bai san ranar da ido zai kai kansa ba. Na biyu, yana kare darajar daga arha, domin abin da kowa zai iya saye ba ya ɗaukaka mai shi.

Amma hannun da ke zaɓa shi ne kuma ke warewa, ba tare da ya faɗi dalili ba. Tarihin Prince Hall ya isa misali. A 1775 shi da wasu baƙar fata 14 suka shiga ƙungiyar a Boston ta hannun wani zaure na sojan Birtaniya. Da fararen Amurka suka ƙi haɗa kai da su, sai suka sami takardar izini daga Ingila a 1784, suka gina nasu tsarin daban. Sai a 1989 Babban Zauren jihar Konetikat ya amince da takwaransa na Prince Hall, na Ingila kuma ya amince da na Masacuset a 1994. Har ila yau, zaurukan da ke bin tafarkin Ingila ba sa karɓar mata.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa a ƙofa sai an nema ake shiga, a tsakiya nema da kuɗi ke kai mutum, a ƙoli kuwa shiru da hidima ake jira da su. Don haka muna ba masu nazarin irin waɗannan ƙungiyoyi shawara kada yawan lambobi ya ɗauke musu hankali. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: wa ke da ikon kawo suna, kuma wa zai iya ce masa ya yi kuskure?