Mene ne wasan kwaikwayon wayar da kai, kuma me ya haɗa shi da mazan da ke kashe kansu?

Wasa ne da ake tsarawa daga matsalar jama'a, a nuna musu shi a dandali ko bakin kasuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi fice a kansa tun shekarun 1970, lokacin da ɗalibai ke fita unguwar Samaru su saurari mutane kafin su shirya wasa.

Yadda ake yi: a nuna magidancin da bashi ya yi wa katutu, ya daina zuwa majalisa, barci ya ƙaurace masa. Sai a dakatar da wasan, a tambayi 'yan kallo me amininsa ya kamata ya yi. Mai shawara ya shigo fili ya gwada. Augusto Boal, ɗan Brazil, shi ya yaɗa wannan salo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma maza sun ninka mata. A Sakkwato, inda ake yabon namiji da haɗiye damuwa, wasa na buɗe bakin da kunya ta rufe. Tilas ne kuma ya nuna inda magani yake: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.