Aiki Ɗaya, Albashi Biyu

A ofisoshin ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa da ke Maiduguri, ba abin mamaki ba ne ka tarar da mutum biyu a ɗaki ɗaya, karatunsu ɗaya, aikinsu ɗaya, sai ƙarshen wata ya raba su. Wanda aka ɗauko daga waje da dala ake biyansa, ga masauki, ga inshorar lafiya, ga hutun shan iska duk bayan 'yan makonni. Ɗan gida kuwa naira yake karɓa, a cikinta zai biya haya ya sayi buhun shinkafa.

Tsarin ba na jiya ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya tana auna albashin manyan ma'aikatanta na ƙasa da ƙasa da ƙa'idar Noblemaire, wadda ta samo asali tun shekarun 1920: a dubi gwamnatin da ta fi kowace biyan ma'aikata, wato Amurka. Waɗanda aka ɗauka a gida kuwa ƙa'idar Flemming ta 1949 ce ke kansu, a biya su gwargwadon mafi kyawun albashin garin da suke. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da yawa sun bi wannan sawu.

Wani bincike da Farfesa Stuart Carr na Jami'ar Massey a New Zealand ya jagoranta a ƙasashe shida, ciki har da Malawi da Uganda, ya gano cewa albashin baƙo kan ninka na ɗan gida kusan sau huɗu, kuma hakan na kashe wa 'yan gida gwiwa.

Masu kare tsarin suna cewa baƙon ya baro iyali da ɗawainiya a ƙasarsa. Gaskiya ne, kuma a biya shi kuɗin wannan. Amma wa ke jin Kanuri da Hausa, wa ke shiga sansanin 'yan gudun hijira ya zauna da bulama? Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomi masu aikin agaji da aka sace a Rann aka kashe a 2018, 'yan gida ne. Ko a duniya baki ɗaya, mafi yawan ma'aikatan agajin da ake kashewa 'yan ƙasa ne.

Sannan ga faɗuwar naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin aikin da dala suke zuwa, don haka mai karɓar dala bai ji a jikinsa ba, na naira kuwa albashinsa ya narke a hannu.

Ba a ce a rage wa baƙo ba. A sa mizani ɗaya bisa nauyin aiki, a bayyana shi kowa ya gani, alawus ɗin baro gida kuma a ware shi daban. Kai kuma mai shirin sa hannu a kwantiragi, tambayi matakin albashinka, da inshora, da abin da za a yi idan naira ta sake faɗuwa.