Katin 20 a Wasan Whot: Sarkin Kati ko Kaya a Ka?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba wucewa ta majalisun matasa a Wunti, ko Jahun, ko ɗakunan kwanan ɗalibai a Yelwa, zai shaida cewa ba a cika raba zaman yamma da wasan Whot ba. Haka kuma ba a cika tashi daga wasan ba tare da gardama ba. Daga cikin gardandamin da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa akwai ta katin nan mai lamba 20, wanda shi ne ke ɗauke da sunan wasan. Wasu na ganin babu kamarsa, wasu kuwa na cewa sunansa ya fi shi girma. Wannan maƙala za ta auna hujjojin ɓangarorin biyu, sannan ta dubi abin da ɗalibin harshe zai tsinta a bakin masu wasan.

Asalin wasan da tsarinsa

Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro Whot a Ingila, aka yi masa rajista a 1935. Daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓe shi ya yaɗa shi, har ya iso Nijeriya ya sami gindin zama fiye da yadda ya samu a ƙasar haihuwarsa. Ya girmi wasan Uno, wanda ya fito a Amurka a 1971, kodayake tsarinsu ya yi kama.

Cikakken ƙunshin Whot kati 54 ne, masu siffofi biyar. Da'ira na da kati 12, mai kusurwa uku ma 12. Gicciye na da 9, mai kusurwa huɗu ma 9. Tauraro kuwa 7 kacal gare shi. Sauran biyar ɗin su ne katunan 20, waɗanda ba su da siffar da aka ɗaure su da ita. Lambobin sun tashi daga 1 zuwa 14, amma babu 6 babu 9. Ƙa'idar wasan ita ce mutum ya ɗora katin da ya dace da na ƙasa, ko dai a siffa ko a lamba. In ba shi da shi, sai ya ɗauki ɗaya daga tarin da ake kira kasuwa. Wanda ya riga ƙarar da katunansa shi ya ci.

A yadda aka fi bugawa a Nijeriya, wasu lambobi na da aiki na musamman. Lamba 1 kan tsayar da abokan wasa mai ita ya sake bugawa, 2 kan sa na gaba ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 8 kan tsallake na gaba, 14 kuwa kan tura kowa kasuwa. Shi kuma 20 yana hawa kan kowace siffa, sannan mai shi ya faɗi siffar da yake so a buga.

Hujjojin masu yabon katin

Hujja ta farko ita ce 20 ba ya maƙalewa a hannu. Duk wani kati sai ya jira siffarsa ko lambarsa, amma shi ƙofa a buɗe take gare shi. Wanda ke riƙe da shi yana da tabbacin kuɓuta daga zuwa kasuwa sau ɗaya, kuma a wasan da ake tseren rage kati, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta biyu, yana juya akalar wasa. Mutum na iya tara gicciye huɗu a hannu alhali wasa na ta yawo a kan da'ira. Da zarar ya ajiye 20 ya nemi gicciye, sai hanya ta buɗe masa.

Ta uku ita ce wadda gwanaye suka fi ji da ita. Idan aka ɗora kati na yau da kullum, abokin wasa na da ƙofa biyu, siffa ko lamba. Amma idan aka ɗora 20, ƙofar lamba ta rufe, sai dai ya kawo siffar da aka nema ko kuma wani 20 ɗin. A nan ne sanin lissafi ke amfani. Idan abokin karawa saura masa kati ɗaya, neman tauraro ya fi neman da'ira toshe masa hanya, domin taurari bakwai ne kawai, da'ira kuwa goma sha biyu. In kuma an lura taurari huɗu ko biyar sun riga sun faɗi ƙasa, to da wuya ya tsira.

Ta huɗu, ba kullum ake samunsa ba. Idan an raba kati biyar-biyar, lissafi ya nuna cewa damar mutum ya tashi da aƙalla 20 guda ɗaya kusan kashi 40 ce cikin ɗari. Wato a galibin rabo ba ya zuwa, shi ya sa fuskar mai shi kan washe.

Hujjojin masu kushe shi

Masu iya magana sun ce gaba da gabanta. Masu kushe katin kan fara da cewa 20 ba ya hukunta kowa. Lamba 2 da 5 na ƙara wa abokin karawa kaya, 14 na ƙara wa kowa da kowa, 1 da 8 kuma na hana wani bugawa. Shi kuwa 20, da an ajiye shi sai a miƙa wa na gaba dama. A wasan mutum biyu wannan rauni ya fi fitowa fili, domin wanda ya haɗa 1 da 8 da 14 na iya zubar da kati uku ko huɗu a jere abokinsa na kallo, abin da 20 ba zai taɓa yi ba.

Na biyu, katin na tona asirin mai shi. Wanda ya ce a ba shi mai kusurwa uku, ya gaya wa kowa abin da ke hannunsa. Abokan wasa masu wayo sai su yi ta ƙoƙarin kauce wa wannan siffa ta hanyar canza ta da lamba. Gaskiya ne ana iya yaudara, a nemi siffar da ba a da ita, amma mai yin haka na iya faɗawa ramin da ya haƙa idan wasa ya zagayo kansa siffar ba ta canza ba.

Na uku, yawan jama'a na rage masa kaifi. Idan mutum biyar ke wasa, kafin zagaye ya dawo kan wanda ya nemi siffa, mutum huɗu sun buga, kuma kowannensu na iya sauya ta. Ga shi kuma akwai sauran katunan 20 guda huɗu da za su iya rushe umarninsa.

Na huɗu shi ne mafi zafi. Idan kasuwa ta ƙare ba wanda ya gama, ko kuma ana wasan fitar da mai nauyi, sai a ƙirga lambobin da suka rage a hannun kowa. Taurari ana ninka su, don haka tauraro mai 8 kan zama 16. Duk da haka babu katin da ya kai 20 nauyi. Wanda ya ɓoye guda biyu yana jiran ranar amfaninsu, sai a kama shi da 40, ya fita wasa da abin da ya ɗauka garkuwa ce.

Ina gaskiyar take?

Idan aka lura, rabin gardamar ta samo asali ne daga bambancin ƙa'ida. A wata majalisa ana yarda a tare 2 da 20, a wata ba a yarda ba. A wani wurin ana gama wasa da shi, a wani wurin an hana. Akwai ma masu cire shi gaba ɗaya kafin a raba. Saboda haka mutum biyu na iya shafe awa suna musu alhali ba wasa ɗaya suke magana a kai ba.

Wannan ba a Whot kaɗai yake ba. A wasan Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙiro aka fitar a Amurka a 1993, akwai kati mai suna Black Lotus da ƙarfinsa ya sa aka hana amfani da shi a mafi yawan nau'o'in gasa. Bambancin shi ne a irin wancan wasa mutum ke sayen katunansa ya tara, a Whot kuwa kowa daga ƙunshi ɗaya yake ci.

Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne darajar 20 na bin lokaci. A farkon wasa asara ce a jefar da shi don gudun kasuwa kawai. Ya fi amfani idan saura kati biyu ko uku, ko kuma lokacin da ake son toshe mai shirin gamawa. Idan kuwa kasuwa ta kusa ƙarewa, ko wani ya sanar da katinsa na ƙarshe, to a rabu da shi tun kafin ya zama kaya.

Rabon ɗalibin harshe

Kalmomin wasan fage ne na nazarin aro. Bahaushe ba shi da sautin "p", shi ya sa ake jin "fik tu". Ba ya son cunkoson baƙaƙe, shi ya sa sunan gicciye ya koma "kuros" ta hanyar saƙa wasali, sanarwar katin ƙarshe kuma ta koma "las kat" ta hanyar shafe baƙi. Kalmar "kasuwa" kuwa fassara ce kai tsaye wadda ta faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, alhali "janar maket" ta tsaya a matsayin aro. Me zai hana a ce "kowa kasuwa", da "ɗauki biyu", da "saura ɗaya"? Ga aikin bincike nan a ƙofar ɗaki ga mai neman batun kundin kammala digiri.

Kammalawa

Katin 20 mabuɗi ne, ba makami ba, kuma mabuɗi sai a hannun wanda ya san ƙofa. Kafin a fara wasa a daidaita ƙa'ida, kafin a fara musu a san abin da ake musu a kai. Sannan a tuna cewa da zarar kuɗi ya shiga tsakani, wasa ya tashi daga nishaɗi ya koma caca, wadda addini da al'ada suka yi tir da ita. Haka nan kada zaman kati ya cinye lokacin karatu, domin zauren jarrabawa ba shi da kasuwar da za a je a ɗauko amsa.