TSOHUWAR KYANWA DA ABINCINTA



Dabbar da zan yi magana a kanta yau tana da suna fiye da ɗaya a Hausa. Wasu su ce kyanwa, wasu mage, mutanen ƙasar Sakkwato kuwa su ce mussa, namijinta muzuru. Abin da ya jawo hankalina gare ta, wata magana ce da na ji a Giyawa, cikin ƙasar Goronyo. Na ga wata kyanwa kwance gindin rumbu, duk haƙarƙarinta a waje, ga kuwa ƙwaryar tuwo a gabanta. Na tambayi dattijuwar gidan, na ce, "Inna, ciwo ta ke yi?" Ta ce, "A'a Malam, tsuhwa ne. Ta bar kamun kusu." Kusu, watau ɓera. Tambayar da na ke so mu duba ita ce: idan kyanwa ta tsufa, lalle ne sai an sake mata abinci?

Abin da kyanwa ke rayuwa a kai

A ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, inda a ke tara gero da dawa da shinkafa a rumbuna, ba don ado a ke ajiye kyanwa ba. Ma'aikaciya ce, ladanta kuwa abin da ta kama. Mutanen gida su kan zaci sauran tuwo da furar da su ke zuba mata ne ke riƙe da ita. Alhali ɓeraye da ƙadangaru da fara su ne cimarta ta ainihi, tuwo ƙari ne kawai.

Dalili shi ne, an halicci kyanwa maciyiyar nama zalla, ba kamar kare ba, wanda ya ke iya rayuwa da haɗin hatsi da nama. Akwai wani sinadari mai suna torin, wanda jikinta ba ya iya sarrafa isasshe, sai ta same shi cikin nama ko kifi. A 1975 masana a Amurka su ka nuna cewa rashinsa na makantar da kyanwa. A 1987 kuma likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Dabis su ka gano yana lalata mata zuciya. Gero da dawa ba su da shi. Ke nan ranar da kyanwa ta daina farauta, ta shiga yunwa, ko da ƙwaryarta cike ta ke.

Abin da tsufa ke sakewa

Likitocin dabbobi su kan lasafta kyanwar da ta wuce shekara 10 a matsayin tsohuwa. A kan kwatanta ta da mutum mai shekara 56, mai shekara 15 kuma da ɗan 76. Daga wajen shekara 11 ko 12, hanjin da yawa daga cikinsu ya kan rage ƙarfin narkar da kitse da furotin, sai tsoka ta riƙa zubewa. Saboda haka tsohuwar kyanwa ta fi bukatar abinci mai gina jiki, ba ragi ba. Har ila yau haƙora kan lalace, dasashi ya kumbura, jin ƙamshi ya ragu, gaɓoɓi su yi tsami, ta kasa tsallen da ta saba.

Sai batun ruwa. Kakannin kyanwa na daji ne a busassun ƙasashen Afirka ta Arewa da Gabas ta Tsakiya, don haka ba ta cika jin ƙishirwa ba. Yawancin ruwanta daga abin da ta kama ya ke, gama kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ruwa ne. In farauta ta tsaya, wannan ruwa ya yanke, ga shi kuwa ciwon ƙoda na cikin cututtukan da su ka fi kama tsofaffin kyanwoyi. A zafin bazarar Sakkwato wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abincin kanti mai tambarin tsofaffi

A manyan kantunan Kano da Abuja a kan ga abincin kyanwa na ƙasashen waje, a leda ko gwangwani, wani an rubuta masa cewa na tsofaffi ne. Ya kamata ma'aikacin da zai zuba albashinsa ya san wani abu. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda ke tsara ma'aunin abincin dabbobi, ma'auni biyu ta ajiye wa kyanwa: na ƙanana da masu ciki ko shayarwa, da na manya. Ba ta da ma'aunin tsofaffi. Kowane kamfani shi ke yanke abin da zai zuba, ya manna tambarin. Kyanwar da ke cin ingantaccen abincin manya, jikinta bai zube ba, babu dalilin sake mata don shekaru kawai. Abin lura shi ne, busasshen abincin leda ruwansa bai fi kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa ya kai kashi 75.

Ciwo ne ke wajabta abinci na musamman. Alal misali, mai ciwon ƙoda a kan rage mata sinadarin fosfaras, mai ciwon sukari a rage mata sitaci. Wannan hukuncin likita ne bayan gwajin jini da fitsari, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato.

Abin da mai gida zai iya yi

Mutumin Giyawa ba ya bukatar kanti. Ga gulbin Rima, ga madatsar ruwa ta Goronyo, kifi ba ya wuya. A dafa ƙananan kifi, a daka su lilis har da ƙashi, domin tsoka zalla ba ta gina ƙashi. A samo zuciya da yankan nama wurin mahauta, da dafaffen ƙwai, hanta kuwa kaɗan, ba kullum ba. A haɗa da romon, gama torin kan zube cikin ruwan dahuwa. A ba ta kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini, da ɗan ɗumi don ƙamshi ya tashi. A ajiye ruwa mai tsabta a inuwa, inda ba sai ta yi tsalle ba.

Abincin wani, gubar wani. Albasa da tafarnuwa, waɗanda ƙasar Wurno da Goronyo ta yi suna wajen nomansu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanyu ko dafaffu. Don haka a ɗebe rabonta kafin a kaɗa miya. Madara ɗanya kan sa da yawansu zawo. Ƙwayar farasitamol ɗaya tak na iya kashe ta. In kuwa ta yi kwana biyu ba ta ci ba, ko ta tsananta shan ruwa da fitsari, ko tana ci tana ramewa, kada a ce tsufa ne, a nemi malamin dabbobi.

Kammalawa

A taƙaice, shekaru ba su sake abin da jikin kyanwa ke bukata. Abin da su ke sakewa shi ne wanda zai kawo mata shi. Da ita ke ciyar da kanta, yanzu nauyin ya dawo kan wanda ta tsare wa rumbu shekara goma. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Malamai su ne da fatawa, amma abin tsoro ne mutum ya zuba ido ga wadda tsufa ya ɗaure. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Haka tsohuwar mussa.