Abin da ke sa kunun zaki tsami da kumbura roba kafin a sayar

A garin Kankia, da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, da maƙwabciyarta Kusada, kunun zaki na daga cikin sana'o'in da mata da dama ke riƙe gida da su daga cikin ɗaki. Ana dama shi da dare, a tace da asuba, a ɗura a robobi, yara su kai tasha da bakin asibiti da ƙofar makarantu da sakatariya. Ribar ba ta da yawa, don haka bokiti guda da ya lalace kan cinye ribar kwanaki.

Lalacewar kuwa iri biyu ce da kowace mai sana'ar ta sani. Wani lokaci kunun ya ƙi zaƙi, ya tsaya da kauri kamar koko. Wani lokaci kuma ya yi daidai da safe, amma kafin la'asar ya yi tsami, robar ta kumbura, in an buɗe ta yi tsaki tana kumfa. Wasu kan ɗora laifin a kan gero, wasu a kan bakin mutane. Sai dai galibi matsalar tana cikin zafi da kayan aiki, kuma masana'antun da ke sarrafa hatsi zuwa abin sha sun daɗe da gano bakin zarenta.

Daga ina zaƙin yake fitowa?

Ƙwayar gero ko dawa cike take da sitaci, wanda ba shi da zaƙi a baki. Idan aka jiƙa hatsi aka bar shi kwana uku zuwa huɗu ya fara tsiro, yakan samar da wani sinadari da ake kira amilas, wanda aikinsa shi ne farfasa sitaci ya mayar da shi sukari domin ciyar da ɗan tsiron. Da an shanya tsiron ya bushe, girma ya tsaya, amma sinadarin yana nan a ajiye. Ɗanyen dankalin Hausa ma yana ɗauke da irinsa.

Wannan ne sirrin raba gasara kashi biyu. Kaso mafi yawa ana sheƙa masa tafasasshen ruwa ya dahu ya yi kauri, domin sinadarin ya fi iya cin sitacin da ya nuna. Ƙaramin kason, wanda aka markaɗa da tsiron shinkafa ko na dawa ko busasshen dankali, ana barin sa ɗanye, sai dafaffen ya sha iska a zuba shi a juya. Cikin sa'o'i kaɗan kaurin ya tsinke, zaƙi ya bayyana ko da ba a sa sukari ba.

Matakin yana da ƙa'ida. Sinadarin ya fi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas. In aka zuba tsiron alhali damun na tururi, sama da digiri 80, zafin ya kashe shi, kunu ya tsaya da kauri. In kuma aka bari ya huce sosai, aikin ya yi nawa, ƙwayoyin tsami su riga shi. Yawancin masu damu da tafin hannu suke gwaji, wanda ke bambanta daga mutum zuwa mutum, da kuma tsakanin hunturu da bazara. Ƙaramin ma'aunin zafi na girki, irin mai tsinke, yana kawar da wannan caca.

Inda hanya ta rabu da ta giya

Har zuwa wannan mataki, abin da mai kunun zaki ke yi shi ne abin da kamfanonin lemon malt da na giya ke yi a manyan tukwanen ƙarfe. A shekarar 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin sun koma ga dawar Arewa, har daga baya kamfanin Nigerian Breweries ya kafa masana'antar tsirar da dawa a garin Aba. Ruwan zaƙin da ake samu daga tsiro shi ne tushen lemon malt, shi ne kuma tushen giya. Abin da ya raba su shi ne abin da ake bari ya faru da sukarin daga baya.

Ƙananan halittu iri biyu ne ke rububin wannan sukari. Na farko ƙwayoyin bakteriya ne masu mayar da shi tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Su ne ke ba kunun zaki ɗan gardin tsamin da ake so bayan ya kwana. Na biyu shi ne yis, wanda ke cin sukari ya fitar da iska da sinadarin maye. Masu dafa burkutu da gangan suke barin yis ya yi aiki na kusan kwana biyu. Mai kunun zaki kuwa so take aikin ya tsaya tun ana matakin farko.

Don haka robar da ta kumbura tana sanar da cewa yis ko wasu ƙwayoyi masu fitar da iska sun fara aiki a ciki. A sa'o'in farko abin da yis ke samarwa ƙalilan ne, amma yana ƙaruwa muddin akwai sukari da ɗumi. A jihar da ta fara aiki da Shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'adua, batun ya wuce asarar kuɗi kaɗai.

Malaman hadisi sun san wannan matsala tun tuni. Imam Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a bayar ko a zubar. Haka kuma a farkon Musulunci an hana yin jiƙo a cikin wasu mazubai huɗu, ciki har da duma da kututturen dabino da aka fafe, saboda jiƙo ya fi saurin juyewa a cikinsu. Daga baya an sassauta, aka bar sharaɗin kada a sha abin da ke sa maye.

Kayan aikin da ke ɓoye matsalar

Hikimar hanin tana nan har yau. Mazubi mai ƙananan ramuka, kamar ƙwarya da muciya da bokitin robar da ya sha karta, yana riƙe ragowar damun jiya tare da ƙwayoyinsa. Sabon kunu na shiga, sai su kama aiki nan take, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta yi saurin kama jiki. Masu sarrafa abin sha a Turai kan ce mafi yawan aikinsu wanke-wanke ne, kuma sun bambanta tsakanin wankewa da kashe ƙwayoyi. Sabulu na cire datti, tafasasshen ruwa da shanya a rana su ne ke gamawa da abin da ido bai gani. Ƙyallen tata ya fi kowane kaya buƙatar tafasawa kullum.

Injin markaɗe wata ƙofa ce. Injin unguwa ɗaya ne ke niƙa wake da tattasai da gasara, kuma abin da ya maƙale a tsakanin faifansa tun safe yana bin ƙullin wanda ya zo daga baya. Idan an matse faifan sosai ko an sabunta haƙoransa, ɓurɓushin ƙarfe na shiga ƙulli ya dusashe launinsa. Masu sana'ar da suka gane haka kan kai markaɗe da wuri, su tafi da ruwansu, su sa a ɗauraye injin a gabansu.

Sai kuma robobi. Mafi yawansu na ruwa da lemo ne da aka tsinto aka sayar. Wuyansu ƙarami ne, hannu ba ya shiga, zaren murfinsu kuma na tara datti. Irin wannan roba ba ta jure tafasasshen ruwa, tana lanƙwashewa, don haka sai da burushi mai tsawo da ruwan sabulu da ɗauraya mai kyau, a kife su su tsane kafin a ɗura. Ruwan da ake ƙarawa bayan tata, da ƙanƙarar da ake jefawa a ciki, su ne hanya mafi sauƙi da taifot da kwalara ke bi, domin ba sa sake ganin wuta.

Sanyi da kayan yaji

A watannin Maris da Afrilu zafin Katsina kan haura digiri 40, kuma a shekarun baya-bayan nan cikinsu azumi ya faɗo, lokacin da kasuwar kunu ta fi ci. A irin wannan ɗumi wasu ƙwayoyin kan ninka yawansu cikin rabin sa'a. Sanyin da bai kai digiri biyar ba yana rage musu gudu ƙwarai, amma ba ya kashe su. Firijin da ke jiran wutar KEDCO, ya yi sanyi ya huce sau da yawa a rana, kariyarsa kaɗan ce. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta saboda 'yan robobin kunu ya daina biyan kansa. Shi ya sa kula da ƙanƙara a wajen roba, ba a cikin kunu ba, ta fi zama abin dogaro, kuma bai kamata a sa roba mai ɗumi a cikinta ba sai ta huce.

Turawa sun yi fama da irin wannan tsami ƙarni da yawa kafin a ƙirƙiro firiji. Maganin da suka samu shi ne furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hop, mai ɗaci, wanda ke danne ƙwayoyin tsami. A shekarar 1516 mahukuntan Bavariya, a Jamus ta yau, suka sa shi cikin dokar abin da za a yi giya da shi. Shukar ba ta yin kyau a ƙasashe masu zafi, shi ya sa masu bincike a jami'o'in Najeriya suka gwada shuwaka da namijin goro a madadinta. Citta da kanumfari da masoro da ake sa wa kunun zaki suna yin kwatankwacin wannan aiki, musamman kanumfari, sai dai jinkiri kawai suke kawowa.

A ƙarni na 19 masanin Faransa Louis Pasteur ya nuna cewa ɗumama abin sha zuwa wajen digiri 60 na ɗan lokaci yana kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke lalata shi. Da wannan hanya lemon malt ke yin watanni a shago. Tana aiki a kan kunun zaki ma, amma zafin da ya wuce ƙima kan dafa ragowar ɗanyen sitacin ya mayar da kunun mai kauri, abin da ya sake nuna amfanin ma'aunin zafi.

Hanyar da ta fi haɗari ita ce ta sayen garin sinadari a kasuwa ba tare da sanin asalinsa ba. A watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami, lamarin da ya sa hukumar NAFDAC shiga bincike.

Ga mai sana'a, lissafin da ya fi tsira shi ne a dama daidai abin da za a sayar a yini guda, a jinkirta zuba sukari har zuwa lokacin ɗurawa, kada kuma a haɗa ragowar jiya da sabon damu. Ga mai saye kuwa, ya matsa robar da yatsa kafin ya biya: idan ta yi tauri kamar ta lemon kwalba, ko ta yi tsaki da aka buɗe, kunun ya riga ya wuce lokacinsa.