Tangaran da Sassaƙa a Matsayin Sharhi Kan Haɗin Kan Al'ummai: Nazarin Hubbaren Tafawa Ɓalewa a Bauci

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun daɗe suna nazarin sharhin da mawaƙa da marubuta suke yi wa al'umma, amma ba kasafai suke waiwayar abin da magini ko mai zane yake faɗa ba tare da ya buɗe baki ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi misali guda na irin wannan sharhi, wato hubbaren Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke birnin Bauci, domin a ga yadda aka sarrafa dangin tangaran da fasahar sassaƙa wajen yin magana kan haɗin kan al'ummai.

2.0 Tangaran a Idon Bahaushe

Tangaran baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa ƙasar Sin, kuma Turawa ba su gano sirrin yin sa ba sai a farkon ƙarni na 18, inda aka kafa masana'antar Meissen ta Jamus a 1710. Da farar ƙasa ake yin sa, irin wadda take jibge a yankin Alkaleri na Jihar Bauci, sai a gasa shi da wuta mai tsananin zafi har ya yi ƙyalli. Da ya iso hannun Bahaushe, sai ya raɗa masa suna na biyu, wato faɗi-ka-mutu, sunan da ya tattara darajar abin da rauninsa a cikin kalmomi uku.

Bahaushe bai tsaya ga cin abinci a cikinsa ba. Mata sun sanya shi cikin jeren ɗakin amarya, magina kuma sukan dasa faranti a ƙololuwar daurin guga, daidai inda bakan gizo suke haɗuwa. Ke nan tun kafin zamanin siyasa, idon Bahaushe ya saba ganin abu mai ƙyalli a mahaɗar sassan gini, kuma ya saba karanta matsayin mai ɗaki daga abin da aka jera a bango.

3.0 Hubbaren da Abin da Yake Faɗa

An kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin watan Janairu na 1966, aka kawo gawarsa Bauci aka binne. An fara ginin hubbaren a 1977, aka buɗe shi a 1979, a zamanin mulkin soja. Mai ziyara yakan fara ratsa wani lungu mai duhu, wanda ake fassarawa da zamanin mulkin mallaka, sai haske ya riƙa ɓullowa a matsayin alamar 'yancin kai. Daga nan ya fito wani fili wanda ba shi da rufi, inda kabarin yake, ba tare da wani ƙawa ba. Ganuwar da ta kewaye filin kuwa an lulluɓe ta da ƙananan tayil masu launuka iri-iri, waɗanda ake cewa suna wakiltar ƙabilun Nijeriya.

A nan ne ya kamata a dakata. Tayil ɗan'uwan tangaran ne, yumɓu ne da aka gasa, kuma da zarar ya fito daga wuta launinsa ya zauna ke nan. Ba kamar fenti ba ne, wanda in aka zuba shuɗi a kan rawaya sai su rikiɗe su zama kore. A jikin wannan bango kowane ƙanƙanen yanki yana riƙe da launinsa, siminti ne kawai ya haɗa shi da maƙwabcinsa. Wannan ya yi daidai da tarihin tunanin mamacin kansa. A ƙarshen shekarun 1940, a zauren Majalisar Dokoki, ya bayyana shakkarsa a fili game da kasancewar Nijeriya ƙasa ɗaya, yana ganin abin ƙirƙirar Ingilishi ne. An ruwaito cewa ziyarar da ya kai Amurka a 1955, yana Ministan Sufuri, tana cikin abubuwan da suka sauya masa ra'ayi, ganin yadda mutane masu asali daban-daban suke zaune a ƙarƙashin tuta ɗaya. Haɗin kan da ya karɓa daga baya na tarayya ne, wanda bai nemi kowa ya zubar da kamanninsa ba.

Haka ya ɗauki wannan ra'ayi zuwa waje. Shi ne ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. A taron Adis Ababa na watan Mayun 1963, inda aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya tsaya a kan haɗin gwiwa sannu a hankali tare da mutunta iyakar kowace ƙasa, saɓanin Kwame Nkrumah na Gana wanda ya nemi gwamnati ɗaya nan take. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ma, taron shugabannin ƙasashe renon Ingila ya karɓi baƙuncinsa a Legas kan rikicin Rodeshiya. Saboda haka ba a yi wa bangon adalci ba in aka taƙaita ma'anarsa ga ƙabilun cikin gida kaɗai.

4.0 Sassaƙa Ba Tare da Gunki Ba

A shekarar 1966 ɗin nan ce Nijeriya ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar "Anyanwu", mutum-mutumin tagulla na Ben Enwonwu, mai siffar mace tana miƙewa sama. Irin wannan ba zai yiwu a kan kabarin Musulmi a Bauci ba. Sai masu tsara hubbaren suka mayar da ginin kansa abin sassaƙa: duhu da haske da launi suka ɗauki aikin da fuska da hannu suke yi a wurin Enwonwu. Hanyar ba sabuwa ba ce ga Arewa, domin dagi, wanda masu ɗinkin riga da magina suka daɗe suna zanawa, shi ne ya zama tambarin Jihar Arewa ba tare da siffar wani mai rai ba.

Sai dai wannan hanya tana da farashinta. Gunki yakan gabatar da kansa, amma launi sai an yi masa tafinta, kuma akasarin maziyarta daga bakin masu yi musu jagora suke jin fassarar wurin. Nan ne aikin ya faɗo hannun masanin harshe. Hausa ta bambanta "haɗa" da "gauraya" da "narke" da "jera", alhali kalmar "haɗin kai" da ake yawan amfani da ita a jawaban hukuma takan rufe wannan bambanci. Abin da ke jikin bangon hubbaren jere ne, irin na ɗakin amarya, inda kowane faranti yake da gurbinsa, kuma in ɗaya ya faɗo ya fashe, gurbin nasa ne ido zai fara kaiwa gare shi.